Mai gyaran risho na kasuwar Wudil da maganar makunnin gas

Duk wadda take da irin murhun gas ɗin nan mai kai biyu da ake sakawa a kayan ɗaki ta san ciwon makunninsa. Jikin murhun lafiya lau, wuta shuɗiya tas, amma abin murɗawar roba ce ta banza, ana ɗora tukunyar tuwo mai faɗi wutar ta lashi gefe sai ya fara laushi, cikinsa ya tsage, ki yi ta juyawa yana zagayawa a banza gas bai buɗe ba, ko kuma mafi muni ya ƙi rufuwa.

To akwai wani dattijo a kasuwar Wudil ranar Juma'a, yana baza kayansa a kan buhu, lagwani da kan risho da tiyo da regileta, gefe kuma ga wani tsohon gwangwanin madara cike da makunnai kala-kala, wasu sababbi wasu ciro su ya yi daga murahun da suka mutu. Abin da ya burge ni da shi bai yarda ya sayar min da ka ba. Ya ce "'yata ina tsohon?" na miƙa masa, ya juya bayansa ya nuna min ramin, ashe ba zagayayye ba ne gefe ɗaya a shafe yake, kuma wannan shafaffen gefen shi ne yake kama ƙarfen jikin murhun da ake murɗawa gas ya buɗe. Yawanci ƙarfen milimita 6 ne amma akwai masu 8, kin ga idan kika saya da ido sai kin koma gida ki tarar ya ƙi shiga ko yana lilo. Ya zaro wani baƙi mai nauyi, cikin ramin akwai ɗan siririn ƙarfe da yake riƙe shi gam, ya ce wannan ƙarfen shi ne babu a cikin masu arahar nan masu ƙyalli da ake zubawa a leda. Gaskiyarsa ne kuwa, tun da na saka shi ko motsi bai yi ba, kuma har dambu na turara a kai.

Ya kuma yi min faɗa sosai kan filaya, don ya ce da ganin mata ya san da ita suke murɗawa idan makunni ya fashe. Ƙarfen da ake zura makunnin a kai na tagulla ne, filaya tana cinye shafaffen gefen ya zama mulmulalle, daga nan babu makunnin da zai sake kama shi sai a canja bawul gaba ɗaya. Sufa gulu ma ɓata kuɗi ne, zafi yana taɓa shi ya saki.

Inda ban ji daɗi ba, kala ba ta zuwa ɗaya. Yanzu nawa ɗaya baƙi ɗaya ruwan toka, ƙanwar maigida har dariya take min. Sannan layin da yake jikin sabon bai daidaita da alamar kashewa ta murhuna ba, ya karkace, sai da na ɗiga jan farce a daidai wurin saboda yara, wannan fa ba abin wasa ba ne ku duba shi kafin ku kwanta. Kuma Baba ba ya ragi ko sisi, in kin yi magana ya ce ki hau mota ki tafi Sabon Gari a Kano ki nemo, ya san kuɗin motar kaɗai ya ninka kuɗin makunnin.

Ku je da safe kafin a tafi masallaci, bayan an sauko wurin cika yake da masu gyaran fitila. Ku tafi da tsohon makunnin ko a fashe yake, ku kuma ɗauki hoton ƙarfen a waya yana a kashe.