Hattara da masu yanka tiyon injin da sunan rage shan mai

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk mai mota ya zama abin farauta. Wanda ya fi damuna a 'yan watannin nan shi ne wani ɗan ƙarfen alminiyam mai tsawon yatsa, da ɗan noti a gefe, wanda ake talla a Facebook da TikTok wai yana rage shan mai da rabi. Masu shi ba su da shago tsayayye. Ka tura rabin kuɗi, su turo yaro ya same ka a bakin titi, ya buɗe bonet, ya sa reza ya yanka tiyo, ya cusa abin a tsakiya. Motocin da aka yi wa wannan aiki suna shigowa garejinmu, shi ya sa na ce bari in yi magana.

Tiyon da suke yankawa shi ne wanda ya taso daga murfin saman injin ya shiga manifol (bututun da ke raba iska zuwa silinda), mai ɗan bawul da ake kira PCV a bakinsa. Ba ado ba ne. Duk injin da ke aiki, wani hayaƙi yana sulalewa ta gefen ringin fistin ya gangara inda baƙin mai yake, ɗauke da tururi da ɗanyen fetur. Wannan tiyo ne ke zuƙe shi ya mayar cikin injin ya ƙone. Tun farkon shekarun 1960 aka fara sa shi a motocin Amurka, kuma har yau ba a daina ba.

Abin nasu rami ne kawai da ke barin iska ta shiga. Bayaninsu shi ne iska ta ƙaru, mai ya ragu. A motar injekta wannan zance ba ya tsayawa. Ƙwaƙwalwar motar tana neman kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na fetur. Iskar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya ba ta bi ta na'urar auna iska ba, amma sensar da ke jikin salansa za ta gano ta, nan take ƙwaƙwalwa ta ƙara fetur don ta daidaita. To ina ribar? In ramin ya yi yawa ƙwaƙwalwa ta kasa cikewa, sai wutar cek injin ta kama, ka sa kwamfuta ta nuna maka P0171, lambar da ke nufin iska ta yi wa fetur yawa. Kuma iskar nan ba ta bi ta filtar da ke tace ƙura ba. Ka tuna ƙurar da ke tashi lokacin hunturu, duk ita ce ke wucewa kai tsaye cikin silinda.

Dabarar ma tsohuwa ce. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urorin rage shan mai sama da 100, har da irin wannan mai tsotso iska, ba ta sami wadda ta yi wani abin a zo a gani ba.

Yadda suke gamsar da mutum kuwa, da an ɗaura sai sulo ya ɗan hau, ƙarar injin ta canza. Yaron ya ce, "Alhaji, ka ji yadda ta saki?" Ba sakewa ba ce, yoyon iska ne. Wasu ma sukan wanke totur su ƙara wa taya iska a lokacin, ɗan sauƙin da ka ji na kwana biyu ka ɗauka ƙarfensu ne.

Akwai wata Corolla da aka kawo mana, an mayar da ita mai amfani da gas, don haka dama an taɓa tiyoyinta. Yaron da ya zo ɗaurawa ya rikice da su, sai ya toshe bakin PCV da ƙusa, ya ɗaure da waya. Hayaƙi ya rasa mafita. Da muka buɗe, sandar duba mai ta ɗago da kanta, gaskit ɗin murfin sama yana zubar da mai, oyil sil na baya ya jiƙe sharkaf, cikin murfin kuma ya yi baƙin kunu. Sai da aka sauke giyabos kafin a kai ga sil ɗin. Mai motar ya kira lambarsu, an kashe.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne masu jona abin a tiyo mai kauri da ke zuwa baƙar tukunyar birki. Tsotson iskar da ke cikin wannan tiyo shi ke sa birki ya yi taushi a ƙafa. Ka huda shi, feda ta yi tauri, kana takawa mota na ci gaba. Wannan ya wuce zancen asarar kuɗi. Masu turbo kuma su ƙara kula, domin idan turbo ya tashi manifol tura iska yake yi, ba zuƙa ba. In babu bawul mai hana komawa, matsin zai bi tiyon ya cika ƙasan injin.

In an riga an ɗaura maka, cire shi ka sayi sabon tiyo, kada ka yarda a naɗe tsohon da salatif. Da yawa daga cikin motocin da aka shigo da su daga Amurka suna da takarda manne a cikin bonet mai zanen inda kowane tiyo ya nufa, ka sa makanikenka ya bi ta. Ciro bawul ɗin PCV ka girgiza, mai lafiya yana ɗan kaɗawa. Birki kuma, ka kashe injin, ka taka feda har ta yi tauri, ka riƙe ta ka tayar da mota. In ba ta ɗan nutse ba, kada ka hau titi da ita sai an duba.