Filtar ND mai juyawa a kan kyamara marar madubi: rabin lambar da ke kan kwali ce ke aiki

Duk wanda ke ɗaukar bidiyo a fili da rana tsaka, haske ne babbar matsalarsa, kuma dalilin da ya sa na sayi filtar ND mai juyawa ke nan, wato gilashi mai duhu da ake ɗaurawa a bakin lens don rage haske, ana murza zobensa a ƙara duhun ko a rage shi. Wadda nake amfani da ita tana da faɗin milimita 77, an rubuta ND2 zuwa ND400 a jikinta, wato tana rage haske daga mataki ɗaya zuwa kusan mataki tara, kowane mataki kuwa rage hasken da rabi ne. Ina ɗaura ta a kan kyamara marar madubi mai cikakkiyar sensa (ɓangaren da ke karɓar hoto a cikin kyamara), da lens biyu: 35mm f/1.8 da kuma zum mai faɗi 16-35mm f/4. Hukuncina a taƙaice shi ne tana da amfani sosai, amma wanda ya saye ta saboda lambar 400 ɗin nan zai ciji yatsa.

Lissafin ba shi da wuya. A rana mai ƙarfi, da ISO 100 (ma'aunin jin haske na kyamara), hoto yana fita daidai a f/16 (girman ƙofar lens, ƙaramar lamba babbar ƙofa) da shota 1/100 (tsawon lokacin da haske ke shiga, a daƙiƙa). Mai ɗaukar bidiyo a firem 25 cikin daƙiƙa yana son shotarsa ta tsaya a 1/50, don motsin hannu da tafiyar mutum su fito yadda ido ya saba gani. Wannan kaɗai ya ƙara haske da mataki ɗaya. In kuma ana son buɗe lens zuwa f/4 don bayan mutum ya ɗan narke, an ƙara mataki huɗu, jimilla biyar. Zuwa f/1.8 kuwa, sai an rage fiye da mataki bakwai. A hoto ana iya tsere wa wannan da shota 1/4000 ko 1/8000. A bidiyo babu wannan mafita, sai filta.

Daga mataki ɗaya zuwa wajen biyar, ba ni da ƙorafi. Zoben yana juyawa sumul, ba ya sakwarkwacewa, kuma in gajimare ya rufe rana ana tsakiyar ɗauka, sai in ɗan murza shi da yatsa biyu, hasken ya dawo ba tare da na taɓa ISO ko shota ba. A nan ne kyamara marar madubi ta yi wa DSLR, wato mai madubi, fintinkau. Abin da ke cikin tagar leƙenta allo ne, yana nuna hoton yadda zai fita, don haka duk duhun filtar ina ganin abin da nake ɗauka. Mai DSLR da ya sa ND1000, mai rage mataki goma, ya leƙa, kusan baƙi ƙirin zai gani.

Matsala tana farawa ne in aka wuce nan. Filtar irin wannan gilashi biyu ne masu tace haske irin na CPL, wato filtar da ke kashe ƙyalli, ɗaya a kan ɗaya, kuma juya na gaba ne ke rage hasken. Da zarar sun kusa gicciye juna, duhun ba ya sauka daidai a ko'ina. A kan lens 35mm, na fara ganin kusurwa biyu suna yin duhu fiye da sauran a wajen mataki shida. A kan zum ɗin, a 16mm, abin ya fi muni kuma ya fi saurin zuwa: wani baƙin tambari mai siffar X ya kwanta a tsakiyar hoton, sararin sama ya rabu gida huɗu, biyu da haske biyu da duhu. Wannan ba ya gyaruwa a kwamfuta. Kuma tawa ba ta da birki a ƙarshen zoben, tana juyawa ne kawai ba iyaka, don haka mutum na iya faɗawa cikin X ɗin bai sani ba, musamman in rana ta hana shi ganin allo sosai. Na manna ɗan tef a gefen zoben, daidai inda abin ke farawa, ba na wuce shi. Masu birki, irin waɗanda ake rubuta wa mataki 2 zuwa 5 ko 6 zuwa 9, sun fi ta gaskiya.

Launi ma tana taɓa shi. Tawa tana jan hoto zuwa rawaya-rawaya mai ɗan kore, kuma yana ƙaruwa in an ƙara duhu. Ina sa filtar tukuna, sannan in daidaita fari da kati mai launin toka, sai abin ya ragu har ba a lura. Wanda bai gyaru haka ba shi ne abin da take yi wa fata. Tunda asalinta CPL ce, tana kashe ƙyallin goshi da kumatu, fuska ta fito a bushe kamar an barbaɗa mata hoda. Wani zai so hakan, ni dai ba na so. In na ɗan sassauta filtar gaba ɗaya a kan zarenta na juya ta kaɗan, ƙyallin yakan dawo, amma a yi hattara kada ta faɗi.

Sayen babbar filta guda ɗaya da zoben haɗi dabara ce mai kyau. Faɗin bakin kowane lens yana rubuce kusa da alamar ø. Na 35mm ɗina ya fi 77 ƙanƙanta, sai na haɗa su da zobe, filta ɗaya ta wadaci lens biyu. Abin da aka rasa shi ne hular lens, ba ta shiga in zoben na nan, kuma gilashi mai faɗi haka ba tare da hula ba yana kwasar hasken gefe. In rana na gefen gaba, hoton yakan dushe, sai na kare da tafin hannu. Zoben alminiyam kuma yana son cijewa. Matse shi da ƙarfi ƙara maƙale shi yake yi, domin yana lanƙwasa da'irar. Robar ɗaure kaya a zagaye shi da ita, a juya a hankali, ta fi ƙarfin hannu aiki.

Filtar UV, wato gilashin kariya marar duhu da mutane da yawa ke bari a kan lens dare da rana, a cire ta kafin a sa ND. Sensar dijital tana da nata gilashin da ke tare hasken UV, kuma jera filta biyu a 16mm yana kawo baƙi a kusurwoyi.

Akwai matsaloli biyu da ake yawan ɗora wa filta alhali ba laifinta ba ne. Na farko ɗigon baƙi ne da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto. Wannan ƙura ce a kan sensa. A kyamara marar madubi, tazarar da ke tsakanin bakin da ake ɗaura lens da sensa gajeriya ce ƙwarai: milimita 18 a Sony E, 16 a Nikon Z, alhali Canon EF na da 44, Nikon F kuma 46.5, ga madubi a tsakani. Da an cire lens, sensa na nan a fili. Gwajin shi ne a sa f/16 ko f/22, a ɗauki farin bango ko sararin sama, a faɗaɗa hoton. In ɗigon ya bayyana, a kifa bakin kyamarar ƙasa a hura da robar hura iska, ban da baki, ban da gwangwanin iska mai ƙarfi. Abin sha'awa, ND tana ɓoye wannan ƙura, domin tana barin mutum ya zauna a f/4 inda ɗigon ba ya fitowa sosai. Na biyu layuka ne a kwance cikin ɗaki mai fitilar LED, musamman da shotar lantarki marar sauti. Fitilar ce ke ƙiftawa daidai da bugun wutar lantarki. Inda wuta ke bugun 50 a daƙiƙa, kamar Turai, a sa 1/50 ko 1/100. Inda take 60, kamar Amurka, 1/60 ko 1/120. A hoto kuma a koma shotar inji.

Saitin kai-tsaye na lens, wato yadda yake nemo abin da ake ɗauka da kansa ya fito da shi tar, bai ba ni wahala da rana ba, ko da filtar na mataki biyar. Da yamma ne yake fara kai-komo yana neman fuska, kuma a lokacin dama babu dalilin barin ND a kai.

Wa zan ce ya saya? Mai bidiyo da ke yawo da kyamara a hannu, haske na canza masa kowane lokaci, kuma yawancin aikinsa daga 24mm zuwa sama ne. Shi ma ya nemi mai birki. Mai hoton ruwa da gajimare, wanda ke kafa kyamara a kan ƙafa uku yana buɗe shota na daƙiƙa talatin a lens mai faɗi, ya bar ta, ya sayi tsayayyu guda biyu, ND64 mai mataki shida da ND1000 mai mataki goma. Ni kaina yanzu ND64 nake ɗaurawa duk lokacin da nake son f/2 da rana tsaka, in ɗan ɗaga lambar f ko in sa shota 1/100 in hasken ya yi yawa, mai juyawar kuma tana zaune a kan 35mm don sauran aiki.