Duba doki kafin a ƙirga kuɗi: aikin wata barga a Damagaram

A bayan garin Damagaram, ta wajen hanyar Mirya, akwai wata barga da ke karɓar aikin duba doki kafin mai saye ya biya. Ba dillalai ba ne, ba su da la'ada a cinikin. Kuɗin dubawa kaɗai suke karɓa, ko an saya ko an fasa. Wannan ya raba su da yawancin masu ba da shawara a kasuwa, domin wanda abincinsa ke rataye da ƙulluwar ciniki da wuya ya ga aibi a ƙafar doki. Masu zuwa wajensu iri uku ne: mai neman dokin hawan salla, mai neman na sukuwa, da mai son sanin ko ingarma ko goɗiyar da aka kawo masa za ta ba da iri na kirki. A kan biyun farko aikinsu ya gamsar da mu ƙwarai. A kan na uku akwai gyara.

Da an iso, sai a sauke komai: sirdi, jalala, linzami, a bar ragama kawai. Sannan a tsayar da dokin a kan tsandauri mai lebur, ba a rairayi ba, don rairayi na binne kofato, yana kuma ɓoye ɗingishi. Dattijon da ke jagorantar aikin, wanda yaran barga ke kira Baba, ba ya fara da launi. Mutanenmu kan mutu a kan kili da akawal da hurde, kuma launi yana da farashinsa a kasuwa, amma a nan shi ne abu na ƙarshe da ake magana a kai.

Baki ake fara buɗewa. Haƙoran gaba na dindindin suna fitowa bi da bi: na tsakiya a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, baki ya cika a shekara 5. Baƙin ramin da ke kan haƙoran ƙasa yana gogewa a wajen shekara 6, 7 da 8, daga tsakiya zuwa gefe. Bayan nan lissafin ya zama ƙiyasi, kuma sukan faɗa wa mutum haka, ba sa yanke shekara ɗaya tak ga tsohon doki. Dokin da ke cin harawa a ƙasa mai yashi haƙorinsa kan ci da wuri, sai ya yi kama da ya girmi shekarunsa. Suna duba ko haƙoran sama da na ƙasa sun haɗu daidai, da gefen baki da harshe, inda linzaminmu mai kaifi ke barin tabo.

Inda suka fi ƙwarewa shi ne ƙafafu, kuma kayan aikin nasu zare ne da aka ɗaura wa dutse. Daga gaba, a saki zaren daga tsinin kafaɗa: ya kamata ya raba gwiwa da ƙwauri da kofato gida biyu daidai. In kofato ya kalli waje, ƙafar kan yi lilo ciki wajen tafiya har ta bugi ƴar'uwarta, shi ya sa suke neman tabo a cikin idon ƙafa. Daga gefe, abin da suke tsoro shi ne gwiwar da ta koma baya. Ƙafafun gaba ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, kuma irin wannan gwiwa a tsakiyar gudu tana matse ƙananan ƙasusuwan da ke cikinta, tana jan jijiyar bayan ƙwauri fiye da kima. Gwiwar da ta ɗan leƙo gaba ba ta da kyan gani, amma ta fi waccan sauƙin illa. Gaɓar da ke tsakanin idon ƙafa da kofato kuma dole karkatarta ta bi ta kofaton a layi guda, wajen digiri 50 zuwa 55. In ta yi tsawo ta kwanta, jijiya ce ke biya; in ta gajarce ta miƙe tsaye, bugun ƙasa na tafiya kai tsaye zuwa gaɓoɓi, mahayi ma sai ya ji a ƙugunsa. A baya, zare daga tsinin kuturi ya taɓa gwiwar baya ya bi bayan ƙwauri har ƙasa. Bayan zare sai hannu: a shafa jijiyoyi daga sama zuwa ƙasa ana neman zafi, kumburi ko kauri, da tabon lalas, wanda ke nuna an taɓa jinyar wurin da wuta.

Daga nan ne hukuncin ke rabuwa, kuma mun ji daɗin yadda ba sa auna kowane doki da ma'auni ɗaya. Dokin hawa zai ɗauki sirdi mai nauyi da kayan ado da mutum cikin babbar riga da alkyabba, sa'o'i a rana, tsakanin Birni da filin idi. Don haka suke neman gajeren gadon baya mai ƙarfi, faffaɗan ƙirji, tudun kafaɗa da zai riƙe sirdi kada ya zame, wuya mai tashi da kyau, da kafaɗa mai karkata wajen digiri 45 zuwa 50, wadda ke ba da takama mai laushi. Hali ma gwaji ne: sukan buga gwangwani, su kaɗa zane kusa da fuskarsa. Dokin da ya firgita da wannan, ranar da ƴan bindiga suka saki harbi a ƙofar fada, kakaki da algaita na tashi, zai iya taka mutane.

Na sukuwa kuwa kuturi ake kallo. Matasa da yawa yanzu suna zuwa da bidiyon tseren kewaya ganga (wato duro) na Amurka a wayarsu, suna son irin wannan doki. A can ana jera ganguna 3: a cikakken fili, wajen mita 27 tsakanin ta farko da ta biyu, mita 32 daga kowaccensu zuwa ta uku, wanda ya kayar da ganga a ƙara masa daƙiƙa 5. Yawancin dawakin wasan irin Quarter Horse ne, masu kaurin cinya. Dawakinmu, jinin Barb da Dongola, sun fi su siranta, kuturinsu kuma ya fi gangara, kuma ƴan bargar ba sa yi wa kowa alkawarin abin da babu. Amma buƙatar jikin ɗaya ce da ta jahi, wato sukuwar gaisuwa da mahaya ke yi a gaban sarki: tashi da ƙarfi, zamiya, juyawa a kan ƙafafun baya. Suna neman doguwar cinya mai nama har kusa da gwiwa, gwiwar baya mai faɗi da ke kusa da ƙasa, da ƙugu gajere. Gwiwar baya da ta miƙe tsaye ba ta shiga ƙarƙashin ciki. Wadda ta lanƙwashe kamar lauje kuma tana kumbura ta baya in aka yawaita zamiya. Suna hana sa dukushi ɗan shekara 2 wannan aiki, tun da ƙashin gwiwarsa bai gama haɗewa ba, na gadon baya kuwa sai wajen shekara 5 ko fiye.

Gwajin motsi bai da gaggawa. A ja shi da tafiya, sannan sassarfa a miƙe da kuma a da'ira ta kowane hannu. In kai na ɗagawa duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taka, ita ce mai ciwo. Sai a naɗe kowace ƙafa a riƙe daƙiƙa 30 zuwa 60, a sake shi ya yi sassarfa nan take. Bugun zuciya a hutu tsakanin 28 da 44 ne a minti. Bayan sukuwa suna sauraron maƙogwaro ko akwai gurnani, suna lura da saurin komawar numfashi. Da yake wasu masu sayarwa na ba doki maganin kashe zafi, shawararsu ita ce a sake gwajin bayan kwana 2.

Batun iri ne ya rage ƙarfi. Abin da ido da hannu ke gani suna ganinsa: ko maraina biyu sun sauko kuma girmansu ɗaya, ko gaban goɗiya a tsaye yake yana rufewa sosai, domin wanda ya kwanta ciki yana shan iska da kashi, mahaifa ta kamu, barbara ta yi ta faɗuwa. Sun san goɗiya na neman namiji duk kwana 21, na tsawon kwana 5 zuwa 7, cikin kuma wajen kwana 340 ne. Amma kyan ingarma ba ya tabbatar da kyan ƴaƴansa, kuma a nan da labarin mai shi suke dogara, ba sa nace wa ganin dukushin da ya haifa. Ba su da na'urar duba maniyyi, ba sa ɗibar jini, alhali akwai cuta ƴar'uwar sammore da ke yaɗuwa ta hanyar barbara. Wanda zai sayi doki don iri ya haɗa hukuncinsu da na likitan dabbobi, ya kuma je da ƙafarsa ya ga aƙalla ƴaƴa 2 ko 3 daga goɗiyoyi daban-daban.

Abu biyu kuma muke roƙon su gyara. Sakamakon da baki ake ba da shi, babu takarda, sai mai saye ya manta rabi kafin ya koma wajen ciniki. A tafi da littafi da biro. Na biyun ya fi damun mu: dokin da ya taso daga kasuwar Maigatari ko wata kasuwa yana shan ruwa a kwami ɗaya da na gida. Wanda ya tuna murar da ta kashe jakuna da dawaki a ƙasar nan a 2019 ya san abin da hakan ke jawowa. Kafin su ware turke na baƙi, mai zuwa ya riƙo bokitinsa da ragamarsa, ya iso da sassafe tun ba a kai dokin kilisa ba, don jiki in ya ɗumama ƙaramin ɗingishi kan ɓace.