"Penses-tu qu'il est…" ko "Penses-tu qu'il soit…"?

Wata 'yar'uwa mai shirin DELF, jarrabawar ƙwarewa a harshen Faransanci, ta tambaya: malaminsu ya rubuta "Penses-tu qu'il soit malade ?", ita kuma kullum "Tu penses qu'il est malade ?" take ji a bakin mutane, duka biyun kuwa "kana ganin ba shi da lafiya?" suke nufi. Wa ya yi kuskure? Babu ko ɗaya, ƙanwata. Yadda aka gina tambayar ne ya raba su.

Idan kin juya aikatau ya gabaci wakilin suna, wato "penses-tu", "croyez-vous", "trouves-tu", Faransancin takarda ke nan, kuma nan subjonctif, sigar aikatau ta shakka ko fata irin "soit" da "ait", ya fi zama: "Croyez-vous qu'il ait raison ?" Mai tambaya bai ɗauki maganar a matsayin gaskiya ba, har da ɗan ƙanshin shakka a ciki, kamar Bahaushe ya ce "anya kuwa yana da gaskiya?" Idan kuwa da "est-ce que" kika fara, ko kika ɗaga murya kawai a ƙarshen jimla, indicatif aka saba, wato sigar aikatau ta yau da kullum irin "est" da "a": "Est-ce que tu crois qu'il a raison ?" Tambaya ce tsakani da Allah, amsa kike nema. Wannan ce za ki ji a tashar mota a Maraɗi, ita ce kuma za ki ji a titin Faris.

Amma juyawar ba ta tilasta subjonctif. Shi ba shi da sigar lokaci mai zuwa, saboda haka "Crois-tu qu'il viendra demain ?" daidai take, sau da yawa ma ta fi "qu'il vienne" fayyace cewa maganar gobe ake yi. Haka tambaya mai korewa: "Ne penses-tu pas qu'il a raison ?" Mai faɗinta ya riga ya yanke hukunci, "eh" kawai yake jira, shi ya sa indicatif ya fi dacewa da ita.

Abin da ya daɗe yana ruɗa ni shi ne aikatau masu ƙarewa da -er. "Qu'il parle" rubutu ɗaya ne a sigogin biyu, sai ka yi ta amfani da subjonctif ba ka ma sani ba. Mu ma muna da irinta: "na san ya zo" da "ina so ya zo" "ya" ɗinsu rubutu ɗaya ne a takarda, karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su a baki. Don haka in za ki gwada kanki, bar "parler". Ɗauki masu canza kama: est da soit, a da ait, fait da fasse, va da aille, peut da puisse.

A rubutun jarrabawa, musamman wasiƙar hukuma, ni "Pensez-vous que ce soit possible ?" zan rubuta. In kika faɗa wa ƙawarki haka kuna hira a tsakar gida kuwa, ba za ta ce kin yi kuskure ba, sai dai ta tambaye ki ko labarai kike karantawa a rediyo.