Dunlop Max 200G: raket ɗin da Steffi Graf ta cinye 1988 da shi, ko har yanzu ya cancanci saye?

An daina ƙera Dunlop Max 200G tun farkon shekarun 1990, saboda haka kusan duk wanda za a samu yau na hannu ne, ko a kasuwar intanet ko a wajen masu gwanjon kayan wasanni. Duk da haka sunansa bai mutu ba a bakin 'yan wasan tanis, kuma dalilin bai wuce mutum biyu ba: John McEnroe, wanda ya yi wasa 85 da shi a 1984 ya faɗi uku kacal, da Steffi Graf ta Jamus, wadda ta riƙe shi daga 1984 har 1993.

A cikin kofuna 22 na Grand Slam, wato manyan gasannin tanis huɗu na kowace shekara, da Graf ta ci a wasan mutum ɗaya, 14 da wannan raket ta ɗauke su, tun daga gasar Faransa ta 1987 har zuwa ta Amurka ta 1993. Sauran takwas ɗin da raket na kamfanin Wilson ta ci, bayan ta sauya kamfani a 1994. Shekarar 1988 kuwa ita ce ta mayar da raket ɗin abin tarihi. A Melbourne ta doke Chris Evert 6-1, 7-6. A Paris ta yi wa Natasha Zvereva 6-0, 6-0 cikin abin da bai fi rabin awa da 'yan mintoci ba. A Wimbledon ta kawo ƙarshen mulkin Martina Navratilova na shekara shida a jere, a New York ta doke Gabriela Sabatini, sannan ta sake haɗuwa da ita a Olamfik na Seoul ta karɓi zinare da 6-3, 6-3. Fili mai tauri, jar ƙasa, ciyawa, duk da raket iri ɗaya, ta kuma kammala tana da shekara 19. Har yau babu wanda ya sake haɗa waɗannan biyar cikin shekara ɗaya a wasan mutum ɗaya, mace ko namiji, in ban da masu wasa a kan keken guragu.

To amma mai saye ba tarihi zai buga ba, ƙwallo zai buga. Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne yadda aka ƙera shi, domin daga nan daɗinsa ya fito, daga nan kuma duk cututtukansa suka fito.

Raket na yau ana yin sa ne da shimfiɗun zaren kabon masu tsawo, a naɗe su, a gasa su cikin mazubi. Max 200G ba haka aka yi shi ba, zuba shi aka yi. A masana'antar kamfanin da ke Horbury a Ingila, ana fara zuba wani ƙarfe mai saurin narkewa a siffar cikin raket. Sai a sa shi a mazubi, a tura narkakken nailon da aka gauraya da guntayen zaren kabon ya lulluɓe shi. Idan ya huce a ɗumama shi daidai yadda ƙarfen zai narke ya tsiyaye, nailon ɗin kuwa ya tsaya da siffarsa, kogon da ya rage a cika shi da soso. Wanda ya taɓa ganin masu zubin tagulla suna aiki da kakin zuma zai gane dabarar nan take, sai dai a nan ɓawon da ya rage bayan narkarwar shi ne raket ɗin kansa. Ramukan tsirkiya ma ba huda su aka yi ba. Tare da firam ɗin, wato jikin raket ɗin, aka zuba su kamar ƙananan ginshiƙai, shi ya sa ba ya buƙatar jerin 'yan bututun roba da ake sauyawa a sauran raket. Wannan alheri ne babba ga mai tsohon kaya, don neman irin waɗannan bututu na raket ɗin da ya shekara talatin wahala ce.

Tsawonsa inci 27 ne kamar kowane raket. Faɗin kansa kusan murabba'in inci 85, alhali na yau yawanci 100 ne. Tsirkiya 18 a tsaye, 20 a kwance, wato saƙa mai matsi. Nauyi da tsirkiya yana kaiwa giram 350 zuwa 370, ya danganta da wanda aka samu, na zamani kuwa giram 300 ne kafin a ɗaura tsirkiya. A ma'aunin tauri da ake kira RA, raket ɗin zamani masu ƙarfi suna kusan 70, shi kuwa yana wajen 50 ko ƙasa da haka.

A hannu, abin da ake fara ji shi ne shiru. Ƙwallo ta bugi tsakiya, ba ƙara, ba girgiza, sai wani sauti mai kauri kamar an buga turmi da taɓarya a ɗaki na nesa. Nailon da soson ciki suna shanye rawar firam kafin ta iso wuyan hannu. Masu fama da ciwon gwiwar hannu na 'yan tanis sun daɗe suna yabonsa kan wannan, kuma yabon gaskiya ne. Sai dai a yi hattara: abin da gwiwar hannu ta huta da shi, kafaɗa ce ke biya. Giram 360 a sabis na zagaye na uku ba wasa ba ne ga wanda bai saba ba.

Inda ya fi kowane raket da muka sani shi ne yankan ƙwallo da bayan hannu. Nauyin yana ratsa ƙwallo, laushin firam yana riƙe ta ɗan lokaci, matsattsiyar saƙar kuma ba ta barin ta tashi sama. Ƙwallo takan tsallake raga da kamar taki ɗaya, ta sauka, ta zame ƙasa-ƙasa ba ta kai gwiwa ba. Wannan shi ne rabin wasan Graf da mutane ke mantawa. Ana yi mata laƙabi da bugun gaban hannunta, amma yankan bayan hannu ne ke tilasta wa abokiyar karawa ta duƙa ta ɗago ƙwallo, ita kuwa ta riga ta zagaya ta tsaya a kusurwar hagu tana jiran ta sauke mata guduma. A wasan ƙarshe na Wimbledon a 1988 ta rasa zagayen farko 5-7, tana baya 0-2 a na biyu, sai ta ci 12 cikin ƙananan wasanni 13 da suka rage. A gaban raga ma haka yake da daɗi, ƙwallo tana mutuwa inda aka ajiye ta, kuma wannan ne McEnroe ya fi mora.

Bugun gaban hannu kuwa nan ne masu saye ke yaudarar kansu. Raket ɗin ba ya ba da ƙarfi kyauta. Firam mai laushi yana lanƙwasa, ƙarfin da ya tafi wajen lanƙwasar kuma ba ya dawo wa ƙwallo. Gudun ƙwallon Graf daga ƙafafunta ya fito, da saurin juya ƙugu, da iya lokaci, don har tana bari ƙwallo ta matso jikinta fiye da yadda koci zai koya wa yaro. Wanda ya makara da ɗaga raket, ko ya buga da hannu kawai ƙafa na tsaye, ƙwallonsa a tsakiyar fili za ta faɗi. Wanda kuma ya taso da salon yau na goge ƙwallo daga ƙasa zuwa sama don ta yi juyi, zai yi ta bugun gefen firam, saboda kan ƙarami ne, kuma saƙar 18 da 20 ba ta cizon ƙwallo kamar saƙar 16 da 19 mai faɗin ramuka. Raket ne na mai miƙe bugu, mai dogon zango a lilo, wato kaɗa raket.

Yanzu ga babbar cutarsa, wadda ta sa da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwa ba su da amfani a fili: karkacewa. Nailon abu ne da ke miƙewa a hankali idan an daɗe ana jansa, zafi kuma yana gaggauta hakan. Raket ɗin da aka ɗaure da tsirkiya mai tsauri aka jefa a sito shekara ashirin, kansa yakan canza siffa. Wani ya gajarce ya yi faɗi, wani ya lotsa kamar cokali, wani ya murɗe. Kafin a biya kuɗi, a kwantar da shi a kan tebur ko gilashi mai daidaito. Idan ana danna gefe ɗaya na kan ɗayan yana tashi, a kife shi a sake gwadawa. Idan har yanzu yana rawa, ya murɗe. A kuma riƙe shi a miƙe daga gindin mariƙi a leƙa kamar mai duba gorar bindiga. A auna tsawo da tef: idan ya gaza inci 27 da abin da ido ke gani, kan ya matse. Ɗan matsi kaɗan yakan saki idan an yanke tsirkiya an bar shi 'yan makonni a inuwa. Murɗewa ba ta da magani. Mai saye ta intanet ya nemi hoton gefe da hoton raket a kwance kan tebur, mai sayarwa da ya ƙi turawa a bar masa kayansa.

Bayan wannan a duba saman kai, inda ake gogar ƙasa. Idan saman ya cinye har tsirkiya ta fito fili, za ta riƙa tsinkewa a wurin. A bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, musamman na kusurwoyin sama da na wuya, a nemi tsaga ko kaifi. Tsagar fenti ba komai ba ce, tsagar da farce ke shiga ita ce matsala. A girgiza shi kusa da kunne. Ƙaramar ƙara tana nufin wani ɓarɓashi ya saki a ciki, yana damun kunne amma ba ya hana wasa.

Ɗaurin tsirkiya shi ne inda ake kashe mafi yawansu. Kada ƙarfin jan tsirkiyar ya wuce fam 55, wato kilo 25. Mun fi son tsakanin fam 48 da 52, domin saƙar da ma a matse take, ba ta buƙatar tsauri kafin ta ba da iko, sassaucin kuma yana buɗe cibiyar bugu. Tsirkiyar hanjin saniya ita ce asalin abokiyarsa, sai dai tana da tsada kuma ba ta son damina. Madadinta tsirkiya mai laushi ta zaruruwa da yawa, ko ta nailon ta gama-gari, mai kaurin milimita 1.25 zuwa 1.30. Tsirkiyar foliyesta mai tauri da 'yan wasan yau ke so ba tasa ba ce: tana kashe laushin da aka sayi raket ɗin dominsa, tana kuma wahalar da tsohon firam. A gaya wa mai ɗauri ya kafa shi da kyau a inji mai matokara shida idan akwai, ya yi ɗauri biyu, ya fara na kwance daga sama zuwa wuya, ya auna kan kafin ya fara da bayan ya gama. Duk ramin da ya yi kaifi a sa masa guntun bututun roba. Idan tsirkiya ta tsinke a fili, a yanke sauran a ranar, daga tsakiya zuwa gefe, don jan gefe ɗaya yana karkatar da shi cikin kwanaki.

Ga masu wasa a Kano, Kaduna ko Yamai, bayan mota a watan Afrilu ya isa ya lalata shi cikin yini ɗaya. A ɗauke shi a shiga da shi ɗaki. Idan za a ajiye shi watanni ba wasa, a cire tsirkiya gaba ɗaya.

Mariƙinsa na asali fata ce, kuma bayan shekaru talatin yawanci ta bushe ta yi santsi. A sauya ta da wata fatar, ba da roba mai soso ba, saboda fata ta fi nauyi da kusan giram 10, kuma cire wannan nauyin daga gindi yana sa kan ya ƙara rinjaye. Lambar girman mariƙi tana jiki: L2 inci 4 da kwata, L3 inci 4 da uku bisa takwas, L4 inci 4 da rabi. Tsofaffin raket sun fi yawa a manyan lambobi, kuma ƙara kauri da naɗi abu ne mai sauƙi, rage shi ne aiki.

Akwai kuma ruɗanin suna. Dunlop ya ci gaba da sa lambar 200G a kan raket da dama daga baya, irin su Muscle Weave 200G da Hotmelt 200G, har da wani Biomimetic Max 200G mai fentin da ke kwaikwayon na da. Wasunsu raket ne masu kyau, amma babu ɗayansu da aka zuba, kuma babu mai wannan shirun a hannu. Na asali yana ɗauke da rubutun da ke nuna zubi ne da kuma cewa a Ingila aka yi shi, jikinsa kuma mai kusurwa ne, da kauri iri ɗaya daga wuya har sama. 'Yan uwansa na zubi su ne Max 300i da 400i da makamantansu. Dabarar zubin ba ta iya ba da babban kai mai tauri ba, shi ya sa bayan raket masu faɗin jiki sun mamaye kasuwa a ƙarshen shekarun 1980 aka daina ƙera su a farkon shekarun 1990.

Ga ɗan koyo, ba mu ba da shawararsa ba ko kaɗan, zai karya masa gwiwa ya kuma koya masa tsoron lilo. Ga matashin da ke shiga gasa da masu raket ɗin zamani, zai sha wahala a kan ƙwallo mai tashi sama da kafaɗa. Amma ƙwararren da ke miƙe bugu, mai son yanka da zuwa raga, musamman a wasan bibbiyu, zai sami abin da kuɗi ba sa saya a shago yau. Koci ma zai amfana da ajiye ɗaya a jaka: minti goma sha biyar da shi a farkon atisaye yana tona asirin duk ɗalibin da ke makara da shiri ko ke sakaci da aikin ƙafa. Wanda ya sami madaidaici, marar tsaga, da mariƙin da ya dace da hannunsa, ya saya, idan da hali ya haɗa da na biyu, ya ajiye shi ba tsirkiya.