Gargaɗi Ga Masu Bas Ƙirar Hiace Kan Masu Tallan Sauya Inji Da Jan Taya Huɗu

Ina jan hankalin masu motocin haya, da masu jigilar amfanin gona daga ƙauyuka, da shugabannin makarantu da ƙungiyoyin da suka mallaki bas ƙirar Toyota Hiace, game da wani talla da ke yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, inda wasu ke iƙirarin za su cire wa mota injin fetur su ɗora mata na dizal, su kuma mayar da ita mai jan taya huɗu, duk a cikin mako guda, a kan kuɗin da bai kai na injin kirki shi kaɗai ba. Akwai ƙwararrun da ke yin irin wannan aiki da gaske, amma yadda waɗannan mutane ke tallata shi damfara ce tsagwaronta, kuma asarar da ke cikinta ta wuce kuɗin kafin alƙalami nesa ba kusa ba.

Sun san inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk mai mota yana neman hanyar rage shan mai, sannan duk wanda motarsa ta taɓa kafewa a laka da damina, ko a rairayi a hanyar kasuwar ƙauye, yana sha'awar motar da tayoyinta huɗu ke ja. Sai su nuna bidiyon wata Hiace tana hawa tudun yashi su ce aikinsu ne. Wanda ya lura da kyau zai ga sitiyarin motar a hannun dama yake, domin irin wadda kamfanin ya ƙera wa kasuwar Japan ce, ba ta taɓa shiga garejinsu ba.

Matakin farko shi ne su ce akwai inji mai kyau da ya sauka a kasuwar kayan mota ta Ladipo da ke Legas ko a Kwatano, amma wani na shirin saye, don haka a turo rabin kuɗi a riƙe shi. Asusun da za su bayar na mutum ne, ba na kamfani ba. Wasu daga nan suke kashe waya, kuma a ganina wanda aka cuta a wannan mataki ya tsira da sauƙi, domin motarsa tana ƙofar gidansa.

Babbar musibar tana kan wanda ya kai musu mota. A ranar da ta shiga hannunsu, kafin mai ita ya ga ko ƙusa ɗaya ta sabon injin, za su sauke injinta da giyabos, su ce za a rage masa kuɗinsu a lissafin ƙarshe. Injin fetur na 2TR mai lita 2.7 da ke cikin samfurin Hiace da ake kira Homa kaya ne mai tsada da ba ya kwana a kasuwa, saboda haka kafin mako ya zagayo an sayar da shi. Daga wannan lokaci mai mota ya zama abin tausayi: motarsa na ɗore a kan duwatsu, cikinta wayam, ba zai iya janye ta ba, ba kuma zai iya ƙin biyan abin da aka ƙara masa ba. Yau a ce wayarin bai dace ba, gobe a ce lagireto, jibi a ce kwastam sun riƙe kaya a hanya. Idan ya matsa, sai ya tarar filin garejin ma ba nasu ba ne, aron wuri suka yi a gefen wasu makanikai da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Waɗanda suka fi wayo suna kammala aikin, amma da injin da ya gama yayinsa. Ana wanke shi da fetur, a fesa masa fenti ruwan azurfa har kan kusoshi da robobi, a zuba masa baƙin mai mai kauri don ya danne ƙara, sannan a tayar da shi ya yi zafi kafin mai saye ya iso, domin injin dizal da ya gaji da sanyin safiya yake tona asirin kansa. Don haka a dafa injin da hannu a tabbatar da sanyi yake kafin a tayar. Idan ya tashi, a buɗe murfin da ake zuba baƙin mai: in hayaƙi na bugowa da ƙarfi har murfin na tsalle, fistin da ringi sun cinye. A duba bakin lagireto tun injin bai yi zafi ba, in ruwan na fitar da kumfa ba tsayawa, to gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage. Makaniken da ya ƙi a sa ma'aunin matsin silinda yana da abin da yake ɓoyewa.

Ya kamata mai mota ya san girman aikin, domin saninsa kaɗai ya isa ya nuna masa cewa farashin ƙarya ne. Tsofaffin injinan dizal na 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3.0 sun fi sauƙin ɗorawa, amma 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0 ba sa aiki sai da kwamfutarsu da cikakken wayarinsu. Kowanne aka zaɓa, sai an wanke tanki an gyara layin mai, an sa matatar da ke raba ruwa da dizal, an samo batir da ya fi ƙarfi, an kuma daidaita giyabos da aksul na baya, domin injin dizal ba ya juyawa da sauri kamar na fetur. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne birki. Injin fetur da kansa yake samar da zuƙar iskar da ke sa birki ya yi laushi ya kama, na dizal kuwa sai da wani ƙaramin famfo na musamman, wanda a injinan 3L da 5L yake manne a bayan altaneta. Idan aka haɗa shi da ganganci, direba zai taka birki ya ji shi kamar dutse, alhali yana gangara da fasinjoji cike da mota.

Batun jan taya huɗu kuwa, a nan ne rainin hankalin ya fi yawa. Wasu ɗaure sandunan da ke riƙe ƙafar gaba kawai suke yi motar ta ɗaga, su sa manyan tayoyi, su manna takardar 4WD, wato alamar jan taya huɗu, a jikin ƙofa, har su kafa wani ƙarfen giya kusa da direba wanda bai haɗu da komai ba a ƙasa, alhali Homa da kamfani ya ƙera da jan taya huɗu kullum a haɗe take, ba ta da irin wannan ƙarfe. Aikin gaskiya yana buƙatar akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da furofela ta biyu, wato doguwar sandar ƙarfe da ke kai juyin inji zuwa aksul, da aksul na gaba da sandunansa, wato kusan sai an sayi ƙasan wata motar sukutum. Wasu kuma sukan yanko kayan Hilux su yi musu walda a jikin shasi ba tare da duba ko haƙoran aksul na gaba da na baya lissafinsu ɗaya ba ne, kuma idan suka saɓa, gaba da baya za su riƙa jayayya a kan kwalta har wani abu ya fashe. Gwajin ba shi da wuya: a hau da motar kan rami a ga furofela biyu da ido, sannan a ɗaga tayoyin huɗu a sa giya, a ga ko na gaba na juyawa.

Duk wanda ya ƙuduri yin aikin, kada ya ajiye motarsa sai kayan da za a ɗora sun iso ya gan su tare da makaniken da ya yarda da shi. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a sa lambar tsohon inji da ta sabo, a bayyana cewa tsohon injin da giyabos mallakin mai mota ne, ya kwashe abinsa ranar da aka sauke su. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin, a kuma gyara takardun mota a ofishin lasin, domin injin sata na shigowa ta wannan hanya, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi zai fara amsa tambaya. Yana da kyau a tambayi shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA a yankin ko sun san mutumin da garejinsa.

Wanda kuma aka riga aka cuta, ya adana shaidar tura kuɗi da saƙonnin waya da hotunan tallan kafin a goge shafin, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara. Idan motar na hannunsu har yanzu, a nemi jami'an tsaro su raka mai ita a janye ta, ko da babu inji a ciki, kafin a fara kwance mata kujeru da ƙofofi.