Pisa ko Bolonya? Alhaji, ka yanki tikitin Bolonya

Alhaji, ka tambayi wanne za ka ziyarta a Italiya, Pisa ko Bolonya. Tunda daga Fulorens za ka tashi kuma yini guda ne gare ka, Bolonya za ka nufa. Jirgin ƙasa mai gudu zai sauke ka cikin kamar minti 40.

Pisa dai ba laifi. Hasumiyar da aka soma ginawa a 1173 tana nan a karkace yadda kake gani a hoto. Na biya kuɗin hawa, aka ba mu rabin awa, muka hau muka sauko, sauran yinin ya tafi a kallon mutane suna tokare iska da hannu ana ɗaukar su. Kuɗin nan har yau yana yi mini ciwo.

In karkata ce ta ja ka, ai Bolonya ma tana da tata. A tsakiyar gari akwai hasumiya biyu na jan bulo, ginin farkon ƙarni na 12. Asinelli mita 97 ce, matakala 498. 'Yar'uwarta Garisenda mita 48 kacal, don tun ƙarni na 14 aka rage mata tsawo saboda tsoron kada ta kife, kuma ta karkata kusan digiri 4. A watan Oktoban 2023 hukumar birnin ta killace wurin saboda ita, aka rufe hawan Asinelli. Gyaran na shekaru ne, kada ka sa rai da hawa.

Abin da ya sace mini zuciya shi ne rumfunan garin. Jami'arsu ta faro ne tun 1088, ɗalibai suka cika gari, ɗakin haya ya yi wuya. Sai masu gidaje suka riƙa turo benensu ya leƙo kan titi, suna tokare shi da ginshiƙan itace. A 1288 aka mai da abin doka, har da sharaɗin tsawon rumfa ya isa mahayin doki ya wuce. Yanzu ana lissafin kilomita 62, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi a 2021. A titin Strada Maggiore, gidan Isolani yana nan da dogayen ginshiƙansa na itace. Ana sheƙa ruwa ka zaga gari ko hularka ba ta jiƙe ba. In ƙafarka da ƙwari, rumfar San Luca kusan kilomita 4 ce, hawan tudu.

Ka nemi ƙarƙashin ginin Palazzo del Podestà, gefen babban dandalin Piazza Maggiore. Na sa ɗana ya juya fuska a wani lungu, ni na tsaya a lungun da ke kallonsa ta kusurwa, na yi raɗa a bango cewa ya ci bashin alawa. Yaron nan ya zabura yana waige, don muryar ta zo masa tar a kunne duk da hayaniyar masu wucewa. Da ƙyar na janye shi daga wurin. Ko sisi ba a biya. Haka ma 'yar tagar da ke bango a Via Piella: ka leƙa sai ka ga ruwa na gudu tsakanin gidaje, ragowar magudanan da suka juya injinan siliki a da, waɗanda aka rufe yawancinsu.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi shafukan intanet masu sayar da tikiti da ƙarin kuɗi, sunansu kamar na hukuma. A sayi na jirgi a tasha ko a shafin kamfanin jirgin. Wanda ya miƙo zare zai ɗaura maka a hannu da sunan kyauta, ka janye hannunka. Jakar jabu ta bakin titi kuwa, a Italiya har mai saye ana ci wa tara.

Sai batun ciki. Bolonya birnin mortadella ne, wani irin sarrafaffen nama da ake yankawa, kuma naman alade ne. Miyar taliyarsu ta ragù ma galibi da shi ake yi. Ka tambaya kafin a zuba maka, ko ka nemi masu kebab na halal wajen tashar jirgi.